Kifi Nawa Tankin Gilashi Zai Ɗauka? Tambayoyi da Amsoshi Kan Sikilid na Afirka ga Masu Kiwo a Kano

Duk wanda ya ga sikilid na Tafkin Malawi, da ruwan ɗorawarsu da shuɗinsu mai ɗaukar ido, da wuya ya ƙara kallon wani kifin ado. Da zarar ya yi niyyar saye kuma, abin da zai fara tambaya shi ne nawa zai zuba. Alƙaluman da ke yawo a intanet mutanen Amurka da Turai ne suka tsara su, inda ba a ɗauke wuta, famfo kuma ba ya ƙafewa. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba da Kano suka yi lissafin ba. A nan za a ga alƙalumansu, a kuma ga inda ya wajaba mu rage.

Wane irin kifi ne sikilid, kuma me ya sa ake ta kai-kawo a kan yawansa?

Dangi ne babba, kuma ba baƙonmu ba ne, don karfasar da masunta ke kamawa a Tiga da Bagauda 'yar wannan gida ce. Waɗanda ake sayarwa don ado kuwa, yawancinsu asalinsu manyan tafkuna uku ne na gabashin Afirka: Malawi da Tanganyika da Biktoriya. Tafkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwan nau'o'i da ba a samu a ko'ina sai can.

Masu kiwo sun kasa na Malawi gida uku. Akwai mbuna, mazauna duwatsu masu cin gansakukar jikin dutse, tsawonsu santimita 8 zuwa 15. Akwai fikok, wato dangin Aulonocara, waɗanda mazansu ne ke da launi, matan kuwa toka-toka ne. Sai haf, masu yawo a sarari, wasunsu kan kai santimita 25.

Abin da ya raba su da sauran kifin ado shi ne mallakar wuri. Namijin mbuna yakan zaɓi rami ko dutse ya ce nasa ne, wanda duk ya matso sai ya kore shi. Saboda haka mai kiwo abu biyu yake aunawa lokaci guda, ƙazantar ruwa da faɗa, kuma biyun ba sa tafiya hanya ɗaya. Ka rage kifi, ruwa ya yi kyau, faɗa ya tsananta. Ka ƙara kifi, faɗa ya lafa, ruwa ya ɓaci.

Na karanta cewa inci ɗaya na kifi galan ɗaya na ruwa yake buƙata. In bi wannan?

A'a. An yi wannan ƙa'ida ne don 'yan sirara-siraran kifaye. Kifi ɗaya mai tsawon inci 6 ya fi guda shida masu inci ɗai-ɗai nauyi nesa ba kusa ba, kashinsa ma haka. Sannan ƙa'idar ba ta san da faɗa ba sam.

Yaya zan san yawan ruwan da tankina ke ci?

Ka auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, ka ninka su da juna, ka raba da 1,000. Tanki mai tsawon 120, faɗin 40, tsayin 50 yana cin lita 240 a takarda. Bayan an zuba yashi da duwatsu, an kuma bar 'yar rata a sama, ruwan gaske bai fi lita 200 ba, kuma da wannan za ka yi lissafi. In ka ga galan a rubutun 'yan Amurka, galan ɗaya kusan lita 3.8 ne.

Amma tsawo da faɗi sun fi yawan lita muhimmanci. Sikilid ƙasa yake rabawa, ba sama ba. In za ka kai wa mai yankan gilashi aiki, ka ce masa kana son mai tsawo da faɗi, ba dogon nan siriri da ke tsayawa a kusurwar falo ba. Mai faɗi ya fi ba kifi wurin gudu, ya fi kuma shan iska ta saman ruwa. Ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 200 da duwatsunsa da gilashinsa ya doshi kilo 300. Teburin talabijin ba zai ɗauka ba.

To Malam, a taƙaice dai, nawa?

Ga abin da masu kiwo suka saba bayarwa, bisa sharaɗin filta mai ƙarfi, wuta ba yankewa, da canjin ruwa duk mako. Tanki mai tsawon ƙafa huɗu (wajen santimita 120) mai lita 200, mbuna 12 zuwa 15, nau'i uku. Ƙafa huɗu mai faɗin santimita 45, wajen lita 280, mbuna 18 zuwa 20, nau'i huɗu. Ƙafa shida mai lita 450 ko sama, mbuna 25 zuwa 30. In fikok da ƙananan haf ne maza zalla, lita 280 ba ta wuce 10 zuwa 12 ba. Furontosa na Tanganyika, mai ƙullutu a goshi, yana kai santimita 30, don haka shida zuwa takwas sun cika tanki ƙafa shida.

Duk wannan da girman da kifin zai kai ake lissafa shi, ba da girmansa ranar da ka ɗauko shi a leda ba. Ɗan yalo lab, wato Labidochromis caeruleus, da ka saya kamar kan yatsa, santimita 10 zai zama.

Shawarata ga wanda ke Kano kuma ba shi da inbata ko sola da za ta riƙe filta dare da rana: ya cire kashi ɗaya cikin uku na waɗannan alƙaluma. Ƙafa huɗu, kifi 8 zuwa 10, nau'i biyu masu sanyin hali irin yalo lab da asei. Daidai ruwa daidai tsaki.

An ce in an cika su da yawa ba sa faɗa. Gaskiya ne ko dabarar mai sayarwa ce?

Gaskiya ne, amma rabinta ake faɗa wa mutane.

Ka zuba mbuna uku a babban tanki, mai ƙarfin cikinsu zai mallake ko'ina. Zai sa ɗaya a gaba daga safe har dare, ya hana shi ci, ya yayyage masa wutsiya, har ya mutu, sannan ya koma kan na biyu. Ka zuba 15 kuwa, ba wanda zai iya riƙe wuri mai faɗi. Ya fara bin wannan, wancan ya gitta, ya manta da na farko. Kamar mai bin wani ne da gudu a tsakiyar Kantin Kwari ana gobe sallah, kafin ya ratsa mutum biyar wanda yake bi ya ɓace masa. Faɗan bai ƙare ba, an dai raba shi ne a kan mutane da yawa yadda ba zai kashe kowa ba. A tafkin ma haka mbuna suke zaune, cunkus a kan duwatsun bakin gaɓa.

Rabin da ba a faɗa shi ne, a tafki ruwa ba ya ƙarewa. A tanki kuwa duk kifin da ka ƙara yana fitar da amoniya, yana kuma shaƙar iskar oksijin. Bakteriyar da ke zaune a cikin filta ce ke mai da amoniya naitirait, ta mai da naitirait naitiret, shi kuma naitiret ba ya fita sai ka canja ruwa. Amoniya da naitirait guba ne, dole gwaji ya nuna sifili. Wani abin da ya ƙara tsananta lamarin, sikilid na waɗannan tafkuna ruwa mai pH (ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa) 7.8 zuwa 8.6 suke so, kuma a pH 8 kason amoniya mai guba ya ninka na pH 7 kusan sau goma. Kuskuren da wani kifin zai sha da ƙyar, a tankin sikilid kisa yake yi.

Shi ya sa masu wannan dabara suke sa filta mai juya ruwan tanki sau 8 zuwa 10 a awa. A tankin lita 200 ke nan ana maganar lita 1,600 zuwa 2,000 a awa, kuma gara filta biyu matsakaita da babba guda ɗaya, don in ɗaya ta tsaya ɗaya na aiki. Suna kuma canja kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan duk mako. Wanda ya ɗauki cunkoson ya bar waɗannan biyun, kifinsa zai mutu, ko yau ko gobe.

Dabarar kuma ba ta kowane sikilid ba ce. Tana aiki a kan mbuna, musamman nau'in demasoni, da kuma turofiyos na Tanganyika, waɗanda dole a tara 12 ko fiye in ba haka ba su cinye kansu. Ba ta aiki a kan masu zaman mata da miji suna gadin ƙwai, irin juwel da julidokuromis. Waɗannan in suka yi ƙwai, yawan maƙwabta ƙara musu fushi yake yi.

Idan aka ɗauke wuta me ke faruwa a cikin tankin?

Nan ne lissafin Kano ya rabu da na waje. Da filta ta tsaya, saman ruwa ya daina motsi, iska ta daina shiga yadda ya kamata, kifaye kuma ba su daina numfashi ba. Tanki mai kifi takwas zai iya kai safiya lafiya, irinsa mai kifi 20 cikin 'yan sa'o'i za ka gan su a sama suna haki. Manyan ne ke fara mutuwa, waɗanda ka fi ji da su.

Bakteriyar filta ita ma da iska take rayuwa. A rufaffiyar filta irin ta gwangwani da ake ajewa ƙarƙashin tanki, iskar ciki takan ƙare bayan wasu sa'o'i, bakteriyar ta fara mutuwa. Da wuta ta dawo sai filtar ta watso ruɓaɓɓen ruwan cikin tanki. In wutar ta daɗe ba ta dawo ba, ka cire filogin, ka buɗe filtar, ka ɗauraye sosonta da ruwan tanki kafin ka mai da.

Maganin ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Famfon iska wat biyu zuwa biyar kawai yake ci. Akwai mai batir a ciki da ke tashi da kansa in wuta ta tafi, akwai wanda fawa-bank ɗin waya ke ɗauka. Ka haɗa shi da filtar soso, ka samu iska da tacewa a tare. A ganina wannan ya kamata a saya kafin kifin farko ya shigo gida. Ranar da babu wuta kuma kada ka ba su abinci. Babban sikilid mai lafiya yana kwanaki bai ci ba ba abin da zai same shi, amma ƙazantar abincin da babu filtar da za ta kwashe tana iya halaka shi.

Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in aka ɗauke wuta ƙarfe goma na dare a watan Afrilu, janareta babu mai, kowa na barci, kifi nawa tankin nan zai raya har asuba? Wannan adadin shi ne iyakarka. Dabbar da ka tsare a gilashi ba ta da inda za ta gudu, haƙƙinta yana wuyanka.

Zafin bazara da sanyin hunturu suna canja lissafin?

Ƙwarai. Digiri 24 zuwa 28 suke so. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40, ruwan tanki a ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki ya haura 30. Ruwa mai zafi iska kaɗan yake riƙewa: kusan miligiram 8.3 a lita a digiri 25, ya sauka kusan 7.5 a digiri 30. A daidai lokacin kuma jikin kifin ya fi buƙatar iska, gubar amoniya ta fi ƙarfi, faɗa ya fi zafi. Tankin da ya yi lafiya lau a Disamba shi ne ke zubar da kifi a Afrilu, mai shi ya rasa dalili alhali bai canja komai ba. Da watan da ya fi zafi za ka auna yawan kifinka.

Ka buɗe murfi, ka sa raga don kada su yi tsalle, ka kunna ƙaramar fanka tana busa saman ruwa. Busasshiyar iskarmu tana taimakawa a nan, takan sauke digiri biyu ko uku. Ka rage kunna fitilar tanki, kada kuma rana ta taɓa gilashin. Ruwan da ka ƙara don cike wanda ya tafi a tururi ba canjin ruwa ba ne, domin ƙazantar tana nan ba ta tashi ba.

Hunturu kuwa hita yake so. Daren Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma saukar zafi da hawansa kullum shi ke buɗe ƙofa ga ciwon farin ɗigo, wanda a cunkoso yake bin kowa da sauri.

Ruwa nawa zan riƙa canjawa, kuma wane iri?

Ka yi lissafin da jarka. Kashi ɗaya cikin uku na lita 200 kusan jarka uku ne masu lita 25, rabi kuwa jarka huɗu, duk mako ba fashi. In samun wannan zai yi maka wuya a unguwarku lokacin rani, to ka rage kifi tun yanzu. Kayan gwaji ne alƙali: in naitiret ya wuce miligiram 40 a lita kafin ranar canji ta zagayo, ko kifin ya yi yawa, ko abinci ya yi yawa, ko canjin ya yi kaɗan. Ƙasa da 20 ya fi.

Ruwan famfo akwai kulorin, sai an sa maganin kashe shi. Na burtsatse babu kulorin, amma a gwada shi tukuna, musamman a cunkushen unguwa inda masai ke kusa da rijiya, don wani da naitiret ɗinsa yake zuwa. In daga 'yan garuwa kake saye, ka tanadi jarkunanka da ba su taɓa ganin fetur ko kananzir ko sabulu ba. Idan gwaji ya nuna pH ya yi ƙasa, dakakken murjani ko ɓawon kawa a cikin filta yana ɗaga shi a hankali. Kada a zuba kanwa, ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan zuwa waccan, kuma tana iya ɗaga pH farat ɗaya. Ruwan da pH ɗinsa ya tsaya wuri guda ya fi wanda ake ta yi wa gyara kullum.

Tun da ana maganar ruwa, a kiyayi maganin sauro na fesawa. Famfon iska zai zuƙe shi ya tura cikin tanki. In dole ne a fesa, a kashe famfon, a lulluɓe tankin, a buɗe taga kafin a sake kunnawa.

Ta yaya zan gane sun yi yawa?

Da asuba ake dubawa, lokacin da iska ta fi ƙaranci. In suna taruwa a sama ko a bakin filta suna numfashi da sauri, sun yi yawa. Haka in ruwa ya ƙi washewa, ko ƙanana sun daina girma, ko ciwo na ta zagayawa, musamman kumburin ciki da farin kashi mai kama da zare, wanda ke yawan kama mbuna in ruwa ya ɓaci ko an cika musu abinci mai maiƙo.

Wanda ya maƙale a kusurwar sama ko bayan hita, launinsa ya dushe, wutsiya a yage, wannan ba lallai cunkoso ba ne, zalunci ne. A cire shi ya warke, ko a cire azzalumin, a kuma sake tsarin duwatsun yadda kifi ba zai hango tankin daga wannan kai zuwa wancan ba.

Maza nawa, mata nawa?

Namiji ɗaya ga mata huɗu a kowane nau'i. Mace ɗaya tak, namijin zai takura mata har ta galabaita. Maza biyu na nau'i ɗaya a ƙafa huɗu, ɗaya zai tafi. Tun da ba a gane su suna ƙanana, akan sayi takwas, su girma, a fitar da rarar mazan, don haka tun ranar saye ka yi magana da mai shagon ko zai karɓa.

Kada a haɗa nau'i biyu masu kama da juna a launi ko zane, suna ɗaukar juna kishiya, suna kuma barbarar juna su haifi gauraye. Auratus, mai kyau da araha yana ƙarami, ba na mai farawa ba ne, namijinsa yana iya share tanki shi kaɗai.

Tankina ƙafa biyu ne. Babu sikilid ɗin da zan iya sawa ke nan?

Mbuna dai babu, ko ɗaya. Amma akwai 'yan ƙananan Tanganyika masu zama cikin ɓawon dodon koɗi, Neolamprologus multifasciatus, da ba su wuce santimita 5 ba. Shida sun isa a lita 60, da yashi mai laushi da ɓawo biyu ko uku ga kowanne. Akwai kuma kiribensis, ɗan ƙasarmu, wanda asalinsa kogunan kudancin Najeriya da Kamaru ne. Mata da miji ɗaya a lita 75 sun wadatar, kuma ba ya buƙatar pH mai tsawo. Mai ƙafa uku da faɗin santimita 45 yana iya gwada saulosi, namiji ɗaya shuɗi da mata biyar ko shida ruwan ɗorawa, launi biyu daga nau'i ɗaya.

In zuba su duka rana ɗaya ko kaɗan-kaɗan?

Sabon tanki sai ya yi mako huɗu zuwa shida kafin bakteriya ta kafu, sai dai in ka samo tsohon soso daga filtar wani mai lafiyayyen tanki. Bayan ta kafu, gara a zuba su ƙanana, girma ɗaya, a rukuni biyu ko uku, masu sanyin hali su fara shiga. Kada a taɓa jefa baƙo ɗaya cikin waɗanda suka riga suka raba wuri. A sa aƙalla huɗu tare, a motsa duwatsu, a kashe fitila.

Zan iya haɗa su da golfish, ko tarwada, ko 'yar karfasa?

Golfish ruwa mai sanyi yake so, za su kuma cinye masa wutsiya. Tarwada za ta girma ta haɗiye su. Karfasa tana wuce santimita 30, tana tone komai, tana kashi kamar me. Wanda ya dace da su shi ne ƙananan sinodontis na Tanganyika, wato dangin ƙurungu, su ma a ƙirga su cikin adadin. Maganar cewa wani kifi yana cinye kashin sauran ba ta da tushe, shi ma nasa yake yi.

Sun fara haihuwa, tanki ya cika. Yaya zan yi?

Macen mbuna a baki take riƙe ƙwai, kusan mako uku ba ta cin abinci, sannan ta saki 'ya'ya, sau da yawa 10 zuwa 30. Mata takwas a tanki, kowace tana yin haka sau da dama a shekara, ka ga lissafin da ka fara da shi ya rushe. In ba kiwon sayarwa kake yi ba, ka bar ta ta sake su a cikin babban tankin, manya za su cinye mafi yawa, 'yan kaɗan su tsira a tsakanin duwatsu. Waɗanda suka tsira, da sun kai santimita 3 ko 4 ka ba abokan kiwo ko ka kai shago. Gauraye kuwa kada ya fita daga gidanka da sunan tsantsa.

Abu ɗaya da ba za a yi ba shi ne juye su a kududdufi ko dam ko magudanar ruwa. Giwan ruwa da aka saka a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 yana cikin manyan dalilan ɓacewar nau'o'in sikilid kusan 200 na wannan tafki. Baƙon kifi yana iya kai ciwo ko ya yi gasa da na gida, kuma in ya shiga ruwa ba a iya kwaso shi. In babu mai karɓa, ka raba maza da mata, ko ka koma kiwon maza zalla.